Neman manhajar da za ta girka wasanni a kwamfutoci da yawa da kanta

Mai shago a Aboabo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗan shagon wasannin kwamfuta a Aboabo, nan Kumasi, da kwamfutocin tebur guda takwas. Duk lokacin da ɗaya ta lalace aka goge Windows aka sake ɗora shi, sai in zauna ina girka Steam, wato manhajar saye da sauke wasanni, da su wasannin ɗaya bayan ɗaya, ga data tana tafiya, ga ɗauke wuta yana katse aikin a tsakiya. Shin akwai manhajar da zan ba wa jerin abin da nake so, ta girka komai ba tare da na tsaya a kanta ba? Allah ya saka da alheri.

Mai gyaran kwamfuta a Adum:

Wa alaikumus salam, Malam. Aikin kashi biyu ne, kuma kowanne da maganinsa. Ƙananan manhajoji irin su Steam da kansa, akwai winget, mai girka manhajoji ta hanyar rubuta umarni, wanda Microsoft ta fitar da cikakken zubinsa a 2021, kuma yana zuwa tare da Windows 11. Idan ka rubuta winget install Valve.Steam zai sauke ya girka da kansa. Abin da zai fi maka amfani shi ne ka shirya kwamfuta ɗaya yadda kake so, ka fitar da jerin manhajojinta da winget export, sannan ka kai fayil ɗin sauran ka shigar da shi da winget import.

Amma wasannin su ne babban nauyi, kuma a nan danna maɓalli ba shi ne matsalarka ba. Sauke abu ɗaya sau takwas daga intanet shi ke cinye maka kuɗi. Tun 2023 Steam ya ƙara tsarin da kwamfuta za ta kwafi wasa daga 'yar'uwarta da ke kan layi ɗaya a cikin shago, maimakon ta je ta ɗauko daga waje. Ka sauke Counter-Strike 2 ko Dota 2 a kwamfuta ɗaya, ka kunna wannan zaɓi a saitunan saukewa, ka ba shi izinin rabawa da kowa idan asusun sun bambanta, sauran za su ja daga gare ta. Sharaɗi shi ne ka haɗa su da kebul, domin Wi-Fi zai ja maka aikin har dare.

Ɗalibi daga jami'ar KNUST ta Kumasi:

Yayana, abin da aka faɗa daidai ne, sai dai tsarin kwafar wasa tsakanin kwamfutoci ya tsaya ga Steam kaɗai, ba zai taimake ka ba a Fortnite da ake saukewa ta manhajar Epic Games. Ga wannan akwai LanCache: ana ware kwamfuta ɗaya mai faffaɗar ma'ajiya, duk wasa ko sabuntawar da wata ta sauke sai ta ajiye kwafi, na gaba ya samu daga cikin gida. Kyauta ce, amma saita ta na buƙatar sanin Linux (tsarin kwamfuta ne kamar Windows) da manhajar Docker da ake gudanar da ita a ciki, don haka kada ka fara ta ranar Asabar shago cike da yara.

Tsohon mai kafe a Asawase:

Ɗana, ni shawarata ta bambanta kaɗan. Idan kwamfutocinka iri ɗaya ne, ka gyara guda ɗaya tsaf, da DirectX da fayilolin Visual C++ waɗanda rashinsu ke hana wasa buɗewa, sannan ka ɗauki hotonta, wato kwafin duk abin da ke cikin ma'ajiyarta gaba ɗaya, da manhajar Clonezilla ka ajiye a ma'ajiyar waje. Ranar da wata ta lalace, mayar da hoton kawai za ka yi, ko babu intanet.

Abin da nake roƙonka ka guje wa shi ne wasannin sata da ake sayarwa a filasha, waɗanda ake cewa danna ɗaya sun girku. Na ga kwamfutar da fankarta ke ihu babu mai wasa a kanta, ashe an cusa mata manhajar haƙar kuɗin kirifto, kuma a irin waɗannan ne ake sace asusun abokan ciniki. Sannan ka binciki shirin Steam PC Café na kamfanin Valve, domin lasisin mutum ɗaya bai halatta a yi kasuwanci da wasa ba.

Mai shago a Aboabo:

Na gode ƙwarai, Baba, da ku duka. Biyar daga cikin kwamfutocin iri ɗaya ne, zan yi musu hoton Clonezilla, ragowar ukun kuma in bi hanyar winget da rabawar Steam. Malam na Adum, wane irin kebul ya kamata in nema idan na shigo kasuwa?