An rubuta mana sabon kiɗa amma leɓe ya kasa ɗauka: mu naɗa ko mu dakata?

Mai Turombon:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu busa. Wata damuwa ce ta hana ni barci, na san kuma a nan akwai waɗanda suka ga jiya suka ga yau.

Mu biyar ne, shekara shida ke nan muna busa tare: turampet biyu, hon ɗaya, ni a kan turombon, sai mai tuba. Duk tsawon lokacin nan kayan aro muke sawa, kiɗan da aka tsara wa fiyano ko murya aka juyo mana shi. Bara muka ce ya isa haka, muna son namu, wanda tun daga tushe don kayan tagulla biyar aka yi shi. Muka haɗa abin da ya sawwaƙa, muka ba wani matashin mai tsara kiɗa aikin, minti 12, kashi uku. Yaron haziƙi ne, ba na ko shakka, sai dai ɗan fiyano ne, bai taɓa ɗora ƙarfe a leɓensa ba.

Takardun sun iso makon jiya. Kashi na biyu, mai tafiya a hankali, ranar da muka fara gwada shi sai da tsikar jikina ta tashi. Akwai inda kowa ke yin shiru a bar hon da tuba su biyu, ɗaya na tambaya ɗaya na amsawa can ƙasa. Saboda wannan wurin kaɗai ba zan iya rabuwa da kiɗan ba. Amma kashi na ɗaya da na uku sun tsaya mana a wuya. Mai turampet na ɗaya yana busa kusan minti huɗu ba a ba shi damar sauke ƙarfe daga baki ba, rabin lokacin kuma yana can sama. An ba mai turampet na biyu bugu ɗaya tak ya sa matoshi, wato abin da ake cusawa a bakin turampet don rage sauti. Ni kuwa an rubuta mini in zame da ja ɗaya daga sauti zuwa takwaransa na sama, zango guda cur, alhali sandar turombon mazauni bakwai gare ta, iyakar zamiyarta rabin taki shida.

Abin da ya ƙara ɗaure ni, mun riga mun kama ranar naɗar kiɗan a faifai, saura mako biyar, don muna son faifan ya kasance a hannu ranar da za mu fara busa shi gaban jama'a. Mu daure mu naɗa a haka, tunda ana iya yanka a haɗa? Ko mu koma wa yaron? In komawa za mu yi, da wane baki, ba tare da ya ji mun raina aikinsa ba?

Tsohon Mai Hon:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka ɗage ranar naɗar nan tun yau. Wannan ita ce amsata, sauran bayani ne.

Shi kuma yaron, kada ka rubuta masa doguwar wasiƙar gyara. Takarda ba ta da fuska, zai karanta ta kamar hukunci. Ku gayyato shi wajen gwaji, ku zaunar da shi dab da mai turampet ɗinku, ku busa kashi na ɗaya daga farko har ƙarshe ba tsayawa. Zai ga yadda fuska ke canzawa, zai ji sauti ya fara tsagewa a minti na uku. Gani ya kori ji. Mai fiyano in ya danna maɓalli sauti ya fito, na sama da na ƙasa duk wahala ɗaya suke ba shi. Mu kuwa leɓe ne ke kaɗawa, tsoka ce 'yar ƙarama, ƙarfe na danne ta, jini ba ya komawa sai an ɗaga. Ba rashin ilimi ba ne ya sa bai sani ba, babu wanda ya nuna masa ne.

Ku dubi kiɗan da Malcolm Arnold, mai tsara kiɗa ɗan Ingila, ya rubuta wa New York Brass Quintet, ƙungiyar masu busa tagulla biyar irin taku, a 1961. Me ya sa har yau da wuya ka sami masu busa biyar da ba su taɓa shi ba? Kiɗan ba mai sauƙi ba ne, musamman ga mai tuba. Amma Arnold ya busa turampet a babbar ƙungiyar makaɗa ta London Philharmonic kafin ya koma tsara kiɗa, ya san inda leɓe ke mutuwa. Sai ka ga ya raba layi ɗaya tsakanin turampet biyu, wannan ya ɗauka ya miƙa wa wancan, mai sauraro na jin kamar numfashi ɗaya ne. Maganin minti huɗunku ke nan. Ba sai an cire sauti ko ɗaya ba, a raba nauyin kawai, kuna da turampet biyu don haka.

Ka kuma duba takardar mai hon ɗinku da kyau. Hon a F yake, abin da aka rubuta masa yakan fito ƙasa da taki na biyar. Na sha ganin sabon mai tsarawa ya ruɗe a nan, ya tura mutum sama ba da niyya ba.

Wata Mai Turampet:

Baba, na yarda da kai kan ɗage rana, amma ka yi mini afuwa, akwai abin da nake tsoro. Mu masu busa muna da wata ɗabi'a: duk abin da bai zauna mana a hannu ba a gwaji biyu sai mu ce ba ya busuwa. In aka biye mana, kowane sabon kiɗa zai koma kamar wanda muka busa jiya, to mene ne amfanin sa a rubuta sabo?

Yaya Mai Turombon, zamiyar da aka rubuta maka ba ta yiwuwa, wannan ƙirar ƙarfen ce ta hana, babu gardama. Matoshi a bugu ɗaya ma haka, hannu na bukatar daƙiƙa uku ko huɗu, sai dai in wani zai riƙe layin. Amma sauran wuraren da ka ce sun tsaya muku a wuya, ka tabbata ba baƙunta ce kawai ba? Mako ɗaya fa kuka yi da takardun.

A kiɗan da Elliott Carter, mai tsara kiɗa ɗan Amurka, ya rubuta wa ƙungiyar American Brass Quintet a 1974, kowane ɗaya cikin biyar ɗin yana da halinsa da tafiyarsa daban, kamar mutum biyar na magana lokaci guda. Da sun ce ya sauƙaƙa, da babu shi. Wannan ƙungiyar tun kafuwarta a 1960 ta fi karkata ga kiɗan da aka yi wa tagulla tun asali, ta sa an rubuta mata sababbi fiye da ɗari. Su babban turombon ma suke sawa a gurbin tuba, kuma masu tsarawa suka rubuta musu a haka. Don haka kafin ku ce wa yaron ya canza wani wuri, ku ba wurin mako uku na gwaji a hankali. Abin da ya ƙi bayan nan, shi za ku kai masa. Zai fi amincewa da ku in ya ga kun yi gumi a kan aikinsa tukuna.

Mai Naɗar Sauti:

Ni ta ɓangaren na'ura zan zo. Malam, ka ce ana iya yanka a haɗa. Ana iyawa, aikina ke nan kullum. Zan iya ɗaukar minti huɗun nan gunduwa-gunduwa, mai turampet ya huta tsakani, in ɗinke su ba wanda zai ji ɗinki. Amma me kuka samu? Faifan abin da ku kanku ba za ku iya busawa a dandamali ba. Wata ƙungiya za ta ji, ta nemi takardun, ta gwada, ta ajiye. Kun yi wa yaron illa kuna ganin gata kuka yi masa.

Kuma kiɗan da ba a taɓa kai shi gaban mutane ba, ina gane shi tun daga cikin abin sauraro. Kowa na ƙirga bugu, ba mai sauraron ɗan'uwansa. Bayan an busa shi sau huɗu ko biyar a fili, saurin tafiyarsa yakan zauna da kansa, a san inda za a ja numfashi tare. Wannan na'ura ba ta iya ƙara shi.

In ranar ta zo, ku guji ƙaramin ɗaki mai shanye sauti. Tagulla na son fili mai tsayin rufi da ɗan amsa-kuwwa, a nan sautuka biyar ke narkewa su zama ɗaya. Makirufo biyu a gaba da ɗan nisa su ne ginshiƙi, na kusa ƙari ne kawai. Hon shi ne mai rigima, domin bakinsa baya yake kallo, abin da jama'a ke ji shi ne wanda ya daki bango ya dawo. In bayansa labule ne sai ya ɓace, in kuma aka manna masa makirufo a baki sai ya yi kaushi. Allo na katako a bayansa da ɗan tazara yakan gyara. Ku fara da wurare masu hawa sama da ƙarfi tun leɓe na sabo, ku bar mai sanyin nan zuwa baya. Kada zauren ya yi sanyi da yawa, sanyi na sa sautin tagulla ya yi ƙasa. Maɓallai su sha mai, a zubar da ruwan cikin ƙarfe kafin kowace ɗauka, don makirufo ba ya yafe ƙarar ƙul-ƙul. Mai tsarawar kuma ya zauna kusa da ni da takarda a hannu, kada ya shiga tsakaninku.

Mai Tuba:

Tambaya ɗaya ɗan'uwa: kun rubuta yarjejeniya? Ba ka ambata ba. Haƙƙin mallaka na mai tsarawa ne ko da ku kuka biya, don haka izinin busawar farko da naɗin farko sai an rubuta, da tsawon lokacin da kiɗan zai zama naku ku kaɗai. Nan gaba ku sa zaman gwaji da shi a tsakiyar aiki, tun abin na zane. Ku kuma yi tunanin haɗa kai da wasu ƙungiyoyi biyu ko uku ku ba da aikin tare, nauyi ya ragu, kiɗan ya sami masu busa shi a wurare da yawa. Gajarta ma ba aibu ba ce. Kiɗan da Lutosławski, mai tsara kiɗa ɗan Poland, ya rubuta a 1982, wanda ƙungiyar Philip Jones Brass Ensemble ta fara busawa, minti uku ne kacal, ga shi har yau ana buɗe taro da shi.

Mai Turombon:

Allah Ya saka muku da alheri. Ɗan'uwa mai tuba, ka taɓo inda ke ciwo, da baki kawai muka yi magana, yanzu muna rubutawa.

Mun ɗage naɗar zuwa bayan mun busa shi sau huɗu gaban jama'a. Jiya yaron ya zo gwaji, muka yi yadda Baba ya ce. Tun kafin mu kai ƙarshen kashi na ɗaya ya ɗaga hannu, ya karɓi fensir, ya mayar wa turampet na biyu gaɓa takwas. Na miƙa masa turombon ɗina ya ja sandar da hannunsa har ƙarshe, ya ji inda sauti ya tsaya. Zamiyar ya raba ta biyu, na fara, hon ya ƙarasa, kuma ta fi ta da daɗi.

'Yar'uwa mai turampet, ke ma kin yi gaskiya. Akwai wani wuri a kashi na uku da na so a cire, inda nake busa sauti uku a daidai lokacin da mai tuba ke busa huɗu. Ya ce a'a, wannan shi ne zuciyar kashin, ya roƙe mu mu ƙara masa lokaci. Mun ba shi mako ukun da kika ce. Malam mai naɗa, akwai wani zaure mai daɓen katako da muke dubawa, sai dai bangon bayansa gilashi ne. Hon zai iya zama a gabansa, ko mu juya zaman gaba ɗaya?