Cas9 ya fito sarai a jel amma ya ƙi yanka DNA

Assalamu alaikum, masana. Ina neman shawara kan SpCas9, furotin mai yanka DNA, mai alamar His (ta kamo shi wajen tacewa) da ake samarwa a bakteriyar E. coli BL21(DE3). Ana zuba IPTG (sinadarin da ke sa bakteriyar ta fara yin furotin ɗin) 0.2 mM idan OD600 (ma'aunin yawan bakteriya) ya kai 0.6, bakteriyar ta kwana a digiri 18. Bayan tacewa da Ni-NTA furotin ɗin yana fitowa wajen 160 kDa, amma da an haɗa shi da sgRNA (RNA mai yi masa jagora) da MgCl2 10 mM a digiri 37, plasmid ɗin (DNA da zai yanka) ko gezau, ga PAM na NGG (alamar da Cas9 ke nema a DNA) yana nan daidai.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne A260/A280 (ma'aunin gurɓatar furotin da DNA ko RNA) ya kai 1.3, alhali furotin mai tsabta kusan 0.6 yake bayarwa. Ina zargin RNA na bakteriyar ne ya manne ya toshe gurbin sgRNA. Shin wanki da NaCl 1 M zai wadatar, ko dole sai an ƙara tace shi da heparin?