Muhawara: Da gaske tsofaffin sojoji ne suka kafa al'adar 'yan rigar fata a Amurka?

Malam Garba, mai kula da zaure: Salamu alaikum. Batun makon nan Auwalu ne ya kawo shi. Yana cewa al'adar 'yan rigar fata, wato maza masu neman maza da suka yi suna da babura da baƙaƙen rigunan fata a Amurka, tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Biyu ne suka kafa ta, da tsari guda na sirri mai matakai irin na bariki, kuma wai daga nan abin da ake kira BDSM ya samo asali. Ga wanda bai sani ba, BDSM suna ne da ya tattara ɗauri, horo, mulki da miƙa wuya, da neman jin daɗi ta hanyar zafi, tsakanin manya bisa yardar juna. Nan zauren tarihi ne, fatawa kowa ya san inda zai nema. Ba hoto, ba batsa, ba zagi. Kuma a riƙa cewa 'yan rigar fata, kada wani ya rubuta 'yan baƙar fata ya jawo mana wata rigimar.

Auwalu: Na gode Malam. Hujjata a fili take. A lokacin yaƙin, sojan Amurka ya sallami mutum wajen 9,000 saboda neman jinsi, da takardar sallama mai launin shuɗi. Mai wannan takarda ba ya samun tallafin karatu da rancen gida da dokar 1944 ta ba tsofaffin sojoji, kuma duk mai ɗaukar ma'aikata ya san abin da take nufi. Wa zai koma ƙauyensu da ita? Sai suka zauna a biranen tashar jirgin ruwa: San Faransisko, Los Anjalas, Niyok. Ga baburan Harley-Davidson na soja ana gwanjonsu da araha. A 1954 aka kafa ƙungiyar babura ta Satyrs a Los Anjalas, Oedipus ta biyo baya a 1958. Mutanen da suka saba da oda da kaki da muƙami ne. Su ake kira Old Guard, tsoffin dakaru. Sabon shiga daga ƙasa yake farawa, ba ya sayen hula da kansa, sai manya sun ga ya isa su ba shi.

Dakta Rabi: Ƙanena, rabin farko na maganarka ba mai ja da shi. Takardar shuɗi gaskiya ce, Satyrs da 1954 gaskiya ne. Inda ka zame shi ne tsallen da ka yi daga "akwai tsofaffin sojoji a ciki" zuwa "su suka kafa, da doka guda".

Ɗauki alƙalami ka yi lissafi. Chuck Renslow, mai mashayar Gold Coast a Shikago, wanda ya fara gasar International Mr. Leather a 1979, an haife shi a 1929. Shekararsa 16 aka gama yaƙin. Chuck Arnett, wanda ya yi zanen bangon mashayar Tool Box da mujallar Life ta buga a Yunin 1964, ɗan 1928 ne. Larry Townsend, da ya fitar da littafin jagoran 'yan rigar fata a 1972, ɗan 1930 ne, aikin sojan samansa a shekarun 1950 ya yi. A cikin manyan sunayen, wanda ya yi yaƙin sosai shi ne mai zane Touko Laaksonen, da aka sani da Tom of Finland, shi kuwa sojan Finlan ne, zanensa kawai ya isa Amurka a 1957.

Na biyu, ina takardar? Ƙungiyoyin babura sun bar kundin dokoki, bajo, da jadawalin fita daji. Abin da ke ciki kuɗin wata ne, zaɓen shugaba, da wa zai kawo abinci. Kundin matakan sirri da ya haɗa birane, babu wanda ya fito da shi.

Auwalu: Anti, ai abin sirri ba a rubuta shi. Lokacin da 'yan sanda ke kai samame, jarida ta buga sunanka, ka rasa aiki, wa zai ajiye takarda?

Dakta Rabi: Wannan hujja ce mai kyau, kuma ita ta sa tarihin nan ya dogara da hirar baka. To amma hirar baka ma tana da ƙa'ida: a tambayi mutane da yawa, daga birane daban-daban, kowa shi kaɗai, a duba shekarar haihuwarsa da shekarar da ya shiga, sannan a gwada. Gayle Rubin, wadda ta yi digirinta na uku a kan 'yan rigar fata na San Faransisko, ta nuna cewa tun farko salo biyu ne ke tafiya tare: masu son tsari da ladabi irin na soja, da masu son rayuwar ɗan babur da ba ya bin dokar kowa. Ko alamar rataya makulli a kugu, hagu ga mai mulki, dama ga mai miƙa wuya, ba ta zauna daram a ko'ina lokaci guda ba. Alamar hankici mai launi a aljihun baya kuwa ta shekarun 1970 ce.

Baba Ɗanjuma: Ku bari baduku ya sa baki, tunda fata ake magana. Ɗana Auwalu, rigar da kanta ta ƙaryata ka. Rigar fatar sojan saman Amurka, A-2, ruwan ƙasa ce, zif ɗinta a miƙe yake a tsakiya, bakin hannu da kugu saƙa ne. Wadda mutanen nan ke sawa baƙa ce, zif a karkace, da bel a kugu da zif a bakin hannu. Wannan Perfecto ce ta kamfanin Schott na Niyok, tun 1928, shekara 11 kafin yaƙin. An karkata zif ɗin ne don gaban rigar ya zama ninki biyu, iska ba ta ratsa ƙirji idan mutum ya duƙa a kan babur. Zif ɗin hannu kuma don iska kada ta cika hannun riga. Kaurin fatar babur milimita 1.2 zuwa 1.4 ne, da farko ta doki, daga baya ta sa.

Jimarta ma daban. Ba irin ta majemarmu ba ce da ake yi da bagaruwa. Da gishirin kurom ake jeme ta, cikin kwana ɗaya ko biyu, ta fito shuɗi-shuɗi kafin a rina. Shi ya sa take jure ruwan sama ba ta ƙandare. Mai ajiye tsohuwar riga, abu uku ke ɓata masa ita: danshi ya wuce kashi 65 cikin 100 funfuna ta kama, mai ya yi yawa ya fito fari-fari a sama har a ɗauka funfuna ce, ko maɓallin tagulla ya yi koren tsatsa ya ci fatar da ke kewaye da shi. Gane na biyun ba wuya: ɗan ɗumi kaɗan, mai ya narke ya koma ciki, funfuna kuwa tana nan.

Hular da kake cewa ana naɗa wa mutum kamar rawani, sunanta Muir, daga kamfanin huluna na Toronto. A kanti ake sayar da ita.

Sadiya: Baba ya gama magana 😂 To daga ina baƙar ta shigo?

Dakta Rabi: Daga silima, yawanci. An yi hargitsin 'yan babura a garin Hollister na Kalifoniya a Yulin 1947, jaridu suka kambama, aka gina fim ɗin The Wild One a kai a 1953. Marlon Brando ya fito da baƙar riga da hula a karkace, a kan Triumph, babur ɗin Ingila ma ba Harley ba. Samarin da ba sa son a ce duk mai neman maza ɗan daudu ne suka sami kamannin da suke nema.

Barista Ladi: Ni ɓangare na biyu na iƙirarin ya fi damuna, wai daga nan BDSM ya fito. Ina! Likitan ƙwaƙwalwa Krafft-Ebing ya fara fitar da littafinsa a 1886, kuma shi ya yaɗa kalmomin sadism da masochism, wato jin daɗin sa wa wani zafi da jin daɗin shan zafi, da ya ciro daga sunan marubuta Marquis de Sade da Sacher-Masoch. Kafin shi akwai gidajen bulala na kuɗi a Landan, irin na Theresa Berkley da ta mutu a 1836. A Kanada mujallar Bizarre ta John Willie ta fara a 1946, a Amurka kuma Irving Klaw na sayar da hotunan ɗauri ta gidan waya har kwamitin majalisar dattawa ya taso shi a 1955. Waɗannan harkar maza da mata ce, ba ruwansu da ƙungiyar babura. Haruffan BDSM kansu sai farkon shekarun 1990 suka bayyana a intanet.

Auwalu: Na yarda da wannan, na janye shi. Amma dokokin kiyaye lafiya fa? Ai tarbiyyar soja ce.

Nas Hauwa: A'a Auwalu, aji ne ya kawo su, ba bariki ba. Ƙungiyoyin koyarwa ne: Eulenspiegel a Niyok 1971, Janus a San Faransisko 1974 wadda Cynthia Slater ta kafa da abokinta, Samois ta mata masu neman mata 1978, sai GMSMA ta maza masu neman maza a Niyok 1981. Taken nan na "ba cutarwa, cikin hankali, da yarda" a takardar manufar GMSMA ya fito a 1983, David Stein na cikin waɗanda suka rubuta, kuma ya bazu bayan tattakin neman haƙƙin masu neman jinsi da aka yi a Washinton a 1987.

Abin da suke koyarwa ilimin jiki ne tsantsa, saboda raunukan da aka riƙa gani. Akwai jijiya da ke zagaye ƙashin dantse ta baya. Igiya ta danne ta, hannu ya saki daga wuyan hannu, mutum ya kasa ɗaga yatsu, wani makonni, wani watanni. Mutane na duba launin fata su ce jini na gudu lafiya, alhali jijiya na iya lalacewa launi bai canza ba, kuma ba lallai a ji zafi ba. Shi ya sa aka ce a riƙa gwada motsin babban yatsa, a ajiye almakashin asibiti mai dakusasshen baki kusa, kada a bar ɗaurarre shi kaɗai. Duka a kan ƙoda, ƙashin baya ko gaɓoɓi an hana. Matse wuya kuwa malaman nasu da yawa sun ce ba shi da hanya mai aminci ko ɗaya: daƙiƙa goma na iya kai mutum suma, zuciya na iya rikicewa ba gargaɗi. Kalmar tsayawa irin ta fitilar hanya, ja a daina, rawaya a sassauta, ita ma daga irin waɗannan azuzuwa ta yaɗu.

Barista Ladi: Kuma yardar ba kullum take kare mutum a kotu ba. Shari'ar Spanner a Ingila: maza 16, Disambar 1990, ƙarƙashin dokar 1861 ta raunata mutum, wasu suka sha ɗaurin da ya kai shekara huɗu da rabi kafin ɗaukaka ƙara ta rage. Majalisar Iyayen Ƙasa, kotun ƙolin Birtaniya a lokacin, ta tabbatar a 1993, alƙalai uku a kan biyu, cewa yarda ba kariya ba ce. Kotun haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta goyi bayan Birtaniya a 1997.

Auwalu: To Anti Rabi, idan babu tsari guda, wa ya ƙirƙiro labarin? Hayaƙi ba ya tashi banza.

Dakta Rabi: Duba lokacin da sunan Old Guard ya fara yawo: ƙarshen shekarun 1980. Ƙanjamau ta riga ta kwashe manya da yawa tun daga 1981, hukumar Niyok ta rufe mashayar 'yan rigar fata ta Mineshaft a Nuwambar 1985, unguwar Folsom a San Faransisko na ta rasa mashayu. Ga sababbin shiga, mata da maza masu neman mata, ga intanet na tafe. Waɗanda suka rage suka fara cewa "a zamaninmu ba haka ake yi ba". Guy Baldwin, marubuci ɗan rigar fata, ɗan 1946, ya rubuta jerin al'adun da ya tarar a wajen manyansa. Masu karatu suka mai da abin da ya gani a da'irarsa dokar duniya, wasu har suka ƙara da gidajen horo na sirri a Turai masu ɗaruruwan shekaru, waɗanda ba adireshi, ba suna, ba shaida. Tsoron ɓacewar tarihin ne ma ya sa Renslow da Tony DeBlase suka kafa gidan adana kayan tarihin a Shikago a 1991, domin dangi kan zubar da kayan mamaci a shara don kunya.

Auwalu: Ke nan Baldwin bai yi ƙarya ba. Wasu da'irori sun yi ba da hula da farawa daga ƙasa. A nan nake tsaye.

Dakta Rabi: Wasu, e. Sa kalmar "wasu" a iƙirarinka mu sa hannu.

Baba Ɗanjuma: Ya kuma cire rigar daga lissafin soja. Takalmin ma na injiniyoyi ne da 'yan babur, mai bel a idon sawu, ba igiya, don kada ta sarƙe a cen.

Malam Garba: Auwalu, gyara rubutun ka sake turowa kafin isha'i. Sadiya, na ga tambayarki a kan yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire BDSM na yardar juna daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa a kundin da ya fara aiki a 2022. Riƙe ta, Nas Hauwa za ta buɗe da ita ranar Asabar.