Nisan Gona ko Abin da ke Cikin Tukunya?

Bilkisu: Assalamu alaikum jama'a. Ra'ayina shi ne, duk mai son rage wa muhalli nauyin abincinsa, ya riƙa sayen abin da aka noma kusa da shi, shi ke nan. Motoci da jiragen da ke jigilar abinci su ne babbar matsalar.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. A nan kam ban bi ki ba, Bilkisu. Binciken Poore da Nemecek da mujallar Science ta buga a 2018 ya tattara bayanan gonaki sama da 38,000 a ƙasashe 119. Abinci ne ke fitar da kusan kashi 26 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya, amma jigila kusan kashi 6 kawai ta ɗauka daga cikin wannan. Mafi yawa a gona ake fitar da ita: sare daji, takin zamani, da iskar metan da shanu ke gyatsawa. Kilo ɗaya na naman sa kan kai kilo 60 na wannan iskar, na wake kuwa bai kai 2 ba. To waken da ya ketare teku ya fi naman san maƙwabcinki ƙarancin illa.

Bilkisu: Malam, ai akwai wani binciken na 2022 a mujallar Nature Food da ya ce jigila ta kai kashi 19. Me za ka ce?

Malam Sani: Akwai shi. Sai dai su har da jigilar taki da injinan noma da abincin dabbobi suka haɗa a lissafin, ba tafiyar amfanin gona zuwa kasuwa kaɗai ba. Inda kike da gaskiya shi ne kayan lambu da 'ya'yan itacen da ake ɗaukowa cikin sanyi, balle waɗanda ake saka wa jirgin sama.

Auwalu: Ni abin da ke damuna da kilo 60 ɗin nan, matsakaicin lissafi ne. An haɗa wanda ya sare daji ya zuba shanu da makiyayin da dabbobinsa ke cin ciyawa a ƙasar da ko an shuka ba za ta yi ba. Kuma wa ake ce wa ya rage nama? Mai ci kullum, ko wanda sai ya yi wata bai gani ba?

Malam Sani: Mai ci kullum mana. Amma Auwalu, binciken na 2018 ya nuna ko naman san da ya fi kowanne ƙarancin illa ya ɗara wake illa.

Hajiya Rabi: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05, kuma kusan kashi 60 cikin 100 daga gidaje ne. Ban da wanda ke ruɓewa tsakanin girbi da kanti, wajen kashi 13 na abincin da ake samarwa. Ruwan da aka ba shi, takin, man jigilar, duk sun tafi a banza, sannan in ya ruɓe a bola ya sake fitar da metan.

Bilkisu: Hajiya, ai nan ma maganata ce. Gajeriyar hanya, ƙarancin ruɓewa.

Hajiya Rabi: Ba lallai ba, 'yata. Tumatir kan lalace a gonar da aka tsinke shi in babu wurin ajiya mai sanyi. Kuma wanda kika bari ya kwana ya yi tsami, wace mota za ki ɗora wa laifin?

Auwalu: Malam Sani, har yanzu ba ka faɗa min me makiyayin zai shuka a ƙasar ba.