Neman shawara kan ɗunɗu da tafasa a filin kiwo

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malaman gona da makiyaya masu ƙwarewa game da wani fili da muka keɓe wa shanunmu a wajen Bukuru, kusa da Jos, wanda ɗunɗu da tafasa suka mamaye har gamba da kyasuwa suka fara ɓacewa. Ɗunɗun ne ya fi damuna, domin duk lokacin da aka sare shi sai ya tsiro daga saiwa fiye da da, ƙayarsa kuma tana hana shanu shiga.

Ba na son fesa maganin kashe ciyawa na glyphosate a filin gaba ɗaya, tunda yana kashe duk wani tsiro da ya taɓa, har da ciyawar da nake ƙoƙarin ceto. Shi kuwa maganin 2,4-D yana barin ciyawa ya kashe masu faɗin ganye, amma akwai stylo, wani tsiro mai faɗin ganye na abincin dabbobi, da muka shuka a wani ɓangare, kuma shi ma zai iya ƙonewa.

Shin shafa maganin kashe itatuwa na triclopyr a kan kututture nan take bayan sara yana kashe ɗunɗu har saiwa, kuma a wane lokaci ya fi dacewa, farkon damina ko bayan kaka? Kwana nawa za a hana shanu, musamman masu ba da nono, shiga filin? Akwai kuma tsohon kududdufin haƙar kuza a gangaren filin, wanda daga shi suke sha, don haka ina son sanin tazarar da ya kamata a bari tsakaninsa da wurin feshi. Na gode.