Hannun Baba ya ƙi dawowa bayan shanyewar ɓarin jiki, ga kuma farfaɗiya

Maman Ilham:
Salam 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara. Mahaifinmu ne suka samu shanyewar ɓarin jiki bara, ƙafa ta dawo alhamdulillah suna takawa da sanda amma hannun dama ko kofin shayi ba sa iya riƙewa, yatsun a dunƙule suke, kwanan nan kuma suka fara faɗuwa suna jijjiga likita ya ce farfaɗiya ce. Na ji wai akwai na'urar da ake dasawa a wuya tana gyara duka biyun, gaskiya ne?

Ɗan Gashi:
Allah ya ba Baba lafiya Hajiya. Na'urar gaskiya ce, ana dasa ta ƙarƙashin fatar ƙirji da siririyar waya zuwa jijiyar vagus, wata jijiya mai kai saƙo ƙwaƙwalwa, ta gefen hagu na wuya. A Amurka an amince da ita wajen farfaɗiya tun 1997, ta hannu kuwa mai suna Vivistim sai 2021, kuma ba abu ɗaya ba ne, kowacce da saitinta. Ta hannun ba ta aiki ita kaɗai fa, mai gashi ne ke danna ta daidai lokacin da mara lafiya yake ƙoƙarin ɗaga hannu ko buɗe yatsu, sai ƙwaƙwalwa ta fi riƙe wannan motsin. A gwajin mutum 108, kashi 47 cikin ɗari na waɗanda aka haɗa wa na'urar da gashi sun samu sauƙi na a zo a gani, waɗanda aka yi wa gashi kawai kashi 24. Sannan ta waɗanda toshewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa ta jawo masu shanyewar ce, kuma sai hannun yana ɗan motsi.

Sadiq_Fagge:
Ni dai Yaya ku fara da maganin farfaɗiyar, kar a tsallake ko na rana ɗaya, ita na'urar sai magani ya gaza ake zancenta. In farfaɗiyar ta taso masu ku kwantar da su ta gefe, ban da tura cokali a baki ko ɗura ruwa, in ta wuce minti 5 sai asibiti.

Maman Ilham:
Na gode wlh. To wutar da ake manna masu a hannu wajen gashi fa, mu daina?

Ɗan Gashi:
Waccan daban ce, tsoka take motsawa ta kan fata. Ku gaya wa mai gashin zancen farfaɗiyar kafin zama na gaba, shi da likitan ƙwaƙwalwa su yanke. Atisaye a gida kam ku ci gaba kullum, ko tawul ne su riƙa turawa a kan tebur da hannun.