Neman kalma: me za mu kira "ridge trail" da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Jibi da safe za a naɗi shirinmu na yawon buɗe ido a rediyo, kan tsibirin Madeira na ƙasar Fotugal. Akwai hanyar ƙafa mai kimanin kilomita 7 da ta tashi daga ƙololuwar dutsen Pico do Arieiro, mai tsayin mita 1818, zuwa ƙololuwar Pico Ruivo, mai mita 1862. Kalmomi biyu sun tsaya mini a wuya: "ridge trail" da "hiking". Na rubuta "hanyar hawan dutse" amma raina bai kwanta ba.

Malamin Labarin Ƙasa: Wa alaikumus salam. Gara da bai kwanta ba, ƙanwata. Duba alƙaluman da kika kawo: bambancin tsayin wuraren biyu mita 44 ne kacal. Wanda ya ji "hawan dutse" zai ɗauka daga gindi ake tasowa a hau sama sau ɗaya. A can kuwa da mota ake zuwa Arieiro, sannan a yi ta gangarawa ana sake haurawa a kan matakala, awa uku zuwa huɗu. Abin da ake nufi shi ne dogon siririn saman da ya haɗa ƙololuwa da ƙololuwa, dama gangare, hagu gangare. Ni "gadon bayan dutse" zan ce. Hanyar kuma "turbar gadon bayan dutse".

Ɗan Gona: Me ya kai mu nesa? Muna da kunya. Kunyar gona ai ita ce doguwar ƙasa mai tudu da kwari a kowane gefe. Kunyar dutse, shi ke nan.

Mai Fassara: Siffar ta dace, Yaya, amma a rubuce fa? Rubutun zai fita a intanet. "Ku sauka daga kunya idan hadari ya taso", wani zai ce rashin kunya muke koyarwa.

Mai Alƙalami: Duk ku bar wannan. SIRAƊIN DUTSE. Siriri, rami ta ko'ina, wanda ya zame ya tafi. Kalma biyu, kowa ya gane, har tsoron ma ya shiga.

Malamin Labarin Ƙasa: Tsoron ne ya yi yawa, Malam. Ba duk gadon baya ne siriri ba, wani mutum biyar ma sa jera a kai. Kuma sassan da suka fi matsewa a hanyar Madeira an kafa musu turaku da igiyar ƙarfe. Inda ya zama kamar bakin wuƙa, a ce "kaifin dutse". Inda ya lotsa tsakanin ƙololuwa biyu, "sirdin dutse", kuma nan ne iska ta fi bugawa domin ta nan take matsowa ta wuce.

Jagoran Tafiya: Hajiya, duk kalmar da kika ɗauka ki gwada ta a cikin jimlolin gargaɗi, nan za ki san ko tana aiki. Ga abin da mai sauraro ke buƙata. Duk mita 1000 da aka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi, wato a mita 1800 an fi bakin teku sanyi da digiri 11 zuwa 12, kafin a sa iska a lissafi. Masu hutu kan fito daga otal da 'yar riga shara-shara, a nan ake fara shan wuya. A ɗauki rigar sanyi da ta ruwa, ruwan sha lita 2, takalmi mai kama ƙasa, da tocila, domin hanyar ta ratsa ramukan da aka fafe a cikin dutse, duhu ne kuma ruwa na ɗiga. A fita da sassafe, gajimare yakan taso daga kwari idan rana ta ɗaga ya rufe alamomin hanya. Lissafin lokaci: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na haurawa, kuma wannan na mai ƙarfi ne da ba ya tsayawa ɗaukar hoto. A ƙarshen tafiya mutum zai iya sauka wani wuri da ake kira Achada do Teixeira, ƙasa da kilomita 3 daga Pico Ruivo, amma ya shirya motar da za ta ɗauke shi tun kafin ya tashi. A kuma bincika ko hanyar a buɗe take, an taɓa rufe ta bayan gobarar daji ta watan Agustan 2024. Lambar gaggawa 112. Yanzu gwada: "Da an ji tsawa a bar gadon bayan dutse a gangara." Ta zauna.

Mai Alƙalami: "Da an ji tsawa a bar siraɗi." Wace ce ta fi gajarta?

Tsohon Edita: Siraɗi Larabci ne, kuma na Lahira ne, kada a kai shi wurin shaƙatawa. Amma abin da ya fi damuna tocila da otal da kilomita. Muna neman Hausa muna zuba Turanci. Ina fitila? Ina masauki?

Jagoran Tafiya: Baba, idan aka ce fitila wani aci-bal-bal zai hango. Tocila ta daɗe da zama 'yar gida.

Tsohon Edita: Haka 'yan rediyo kuke cewa kullum, har harshen ya zama gauraye. Mu a zamaninmu sai an kwana uku a kan kalma ɗaya.

Mai Alƙalami: Idan za a kori Larabci da Turanci, Baba, sai ku mayar da "edita" ma inda kuka samo shi, ku haɗa da "kalma" da "zamani".

Mai Fassara: Don Allah malamai, kwana uku ne ba ni da su. Ba wanda ya taɓa "hiking".

Malamin Labarin Ƙasa: Tattaki.

Ɗan Gona: Tattaki yanzu ya koma na 'yan siyasa da masu zanga-zanga. Me ya hana "yawon dutse"?

Jagoran Tafiya: Yawo ba shi da mafari ba shi da maƙura, kuma wanda ya ɗauke shi yawo shi ne mai zuwa da silifas. Tattaki na da wahala a cikinsa, ita muke so a ji. Ki ce "tattakin shaƙatawa" sau ɗaya a farko, daga nan tattaki kawai.

Tsohon Edita: To dutse ko tsauni? Dutse har wanda yaro ke jifa da shi dutse ne. Mita 1862 tsauni ne.

Malamin Labarin Ƙasa: Wannan kam kuna da gaskiya, Baba, sai dai "gadon bayan tsauni" ya fi nauyi a baki.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai. Zan sa "tattaki a gadon bayan tsauni" a buɗe shiri tare da bayanin jimla ɗaya, a cikin gargaɗin kuma "gadon baya" kawai. Sirdi da kaifi na ɗauka. Tocila na nan.

Mai Alƙalami: Shirinki ne, Hajiya. Amma ki ajiye siraɗin ko don sashen nan mai matakala da rami hagu da dama.

Tsohon Edita: Aƙalla a ce masauki.